Mutumin Bencin Baya

Duk cocin nan kujerun roba ne farare sababbi fil, in ka ɗauke wani tsohon benci na katako da aka bari can baya, jikin ƙofa. A kan bencin nan kuwa mutumin da Auta take so yake zama.

Ita Auta, da yake ita ke ba da waƙa a ƙungiyar mawaƙa, a gaba take zama, fuskarta na kallon jama'a. Ko ta so ko ta ƙi, da ta ɗaga kai sai idonta ya tsallake kawunan mutane ya sauka a kan Mai Walda. Yana nan zaune shi kaɗai, ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya ɗaga haɓa, ka ce kujerar babban baƙo aka ba shi.

Ba don daɗi yake zama a can ba, horo ikilisiya ta ɗora masa. Watannin baya, ana tashi daga sujada, a tsakiyar filin coci, gaban manya da yara, ya kwaɗa wa mijin yayarsa mari. Marin mai walda kuwa ba wasa ba ne, sai da bawan Allah ya zauna a ƙasa bai shirya ba. Dalilin marin kowa ya san shi. Ranar yayar ta zo sujada da ido a kumbure, ta jawo ɗankwali ta rufe, tana cewa ƙofa ce ta buge ta.

Dattawa suka zauna, suka ce gidan Allah ba filin dambe ba ne. Suka yanke cewa zai koma bencin baya, ba zai ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasar da ake raba wa masu bi a sujada, ba kuma za a ɗaura masa aure a cocin ba, sai ya je ya roƙi gafarar wanda ya mara, sannan ya tsaya gaban jama'a ya amsa laifinsa. Al'adar cocin ita ce, wanda aka yi wa laifin shi zai fito ya kama hannun mai tuba ya zaunar da shi cikin 'yan'uwa.

Mijin yayar ya tattara ya koma wani coci. Mai Walda kuma ya ce ko zai yi furfura a kan bencin nan, bakinsa ba zai ce wa mai dukan mace "yi haƙuri" ba.

To, cikin dattawan da suka yanke hukuncin har da mahaifin Auta.

Kujerun robar kuwa Mai Kemis ne ya sayo su, ɗan gidan Ma'ajin coci, wanda ya daɗe yana zarya a ƙofar gidan su Auta da mota mai sheƙi. Ranar da aka kawo su sai da aka tsayar da shi aka yi ta tafi. Da matasa suka zo kwashe tsofaffin bencina, sai ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "A bar guda ɗaya dai, saboda masu buƙata."

Mutane suka yi dariya. Auta ba ta yi ba, kuma har yau ba ta manta masa ba.

*

Wata ranar Lahadi, bayan an ci abincin rana, Baba ya sa aka kira ta falo. Ta tarar da Gwaggo, ƙanwar Baban, ta baje a doguwar kujera tana fifita da mayafi. Mama na tsaye bakin ƙofar kicin tana goge hannu da gefen zane, ba ta kalli kowa ba.

Auta ta nemi wuri a ƙasa ta zauna.

"Auta," in ji Baba, "Ma'aji ya same ni. Lahadi mai zuwa, in an tashi daga sujada, zai zo da 'yan'uwansa su nema wa ɗansa aurenki. Na ce masa ƙofata a buɗe take."

"Baba, ka san inda zuciyata take."

"Na sani. Duk coci ma sun sani. Mawaƙa in suna yabon Allah sama suke kallo, ke kuwa bakin ƙofa kike kallo."

Gwaggo ta tafa hannu. "Yo ni me ma kika gani a jikinsa? Kullum yana ƙaurin ƙarfe, ido jajir kamar mai ciwon ido. Ga yaro ɗan gidan mutunci, mai hannun kyauta, ya cika wa Allah gida da kujeru."

"Gwaggo, kujera zan aura?"

"Ka ji ko, Yaya? Ka ji bakin nan nata? Shagwaɓar autanci ce ta lalata yarinyar nan."

Baba ya ɗaga hannu, Gwaggo ta yi shiru tana huci.

"Ki saurare ni da kyau, 'yata. Ban ƙi yaron nan don talauci ba. Ni ma lokacin da na auri uwarki riga ɗaya ce da ni ta zuwa coci. Yana da sana'a, ba ya sha, ba ya bin mata, wannan na shaide shi. Amma mutumin da ya gwammace ya yi watanni ba ya cin Jibin Ubangiji da ya buɗe baki ya ce na yi laifi, ranar da ya ɓata miki rai wa zai lanƙwasa shi? Ranar da hannun nan ya tashi a kanki fa?"

Hawaye suka zubo mata. "Ba zai taɓa dukana ba, Baba. Don ya tsani dukan mace ne ma ya yi abin da ya yi."

"Ita ma yayarsa haka ta rantse a kan nata mijin kafin a ɗaura."

Maganar ta soke ta. Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a bayan hannunta. Can ta ɗago.

"In ya sauka daga bencin fa?"

"Ba zai sauka ba. Wuyansa ya fi ƙarfen da yake haɗawa tauri."

"In ya sauka fa, Baba?"

Baba ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "Na riga na ba Ma'aji magana. Tun da nake kuwa ba wanda ya taɓa kama ni da magana biyu. Tashi ki je."

Ta tashi da gudu ta faɗa kicin, ta kifa kai a kafaɗar Mama tana sheshsheƙa.

"Mama, ke ma ba za ki ce komai ba?"

Mama ta shafa mata baya. "Me zan ce? Ku ukun nan cuta ɗaya ke damunku, da ke, da ubanki, da shi mutumin naki. Kowa hancinsa a sama. Ni dai addu'a nake, Allah ya sa wuyan wani ya gaji."

*

Washegari da hantsi ta ce za ta kasuwa, ta zarce shagonsa.

Tun daga kan kwana take jin rurin janareta. Ƙofofin ƙarfe da tagogi na jingine jikin bango, wasu an shafa musu jan fenti, wasu ba a shafa ba. Yana tsugune kan wani ƙyaure, baƙin gilashi a ido, tartsatsi na tashi ta ko'ina. Da ya ga inuwarta sai ya kashe injin, ya ture gilashin zuwa goshi.

Duk fushin da ta kwaso sai da zuciyarta ta yi sanyi da ta ga fuskarsa. Tana son mutumin nan, so mai ciwo, abin da ke ba ta haushi ke nan.

"Auta. Matso nan, kada ki taka rodin can, da zafi."

Ya goge mata wata kujerar ƙarfe da tsumma. Ba ta zauna ba.

"Ka ji labari?"

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Na ji. Da sassafe angon ya zo da kansa. Wai in ƙera masa babbar ƙofa ta sabon gidansa, mai kyau, wadda amarya za ta shiga ta ciki."

"Me ka ce masa?"

"Na ce aiki ya yi mini yawa. Na kuma sa hannuwana duka biyu a aljihu har ya tafi. Ki yaba mini."

"Ban zo yabo ba."

Ya dube ta, ya matso, ya rage murya. "To ji nan. Na yi magana da wani fasto a can ƙetaren gari. Ya ce shi ba ruwansa da benci, in mun zo zai karɓe mu, ya ɗaura mana aure. Mu bar musu cocinsu da kujerunsu. Allah ai ba a gini ɗaya yake ba."

Auta ta ja da baya kamar ya watsa mata tartsatsi.

"Wato mu gudu."

"Ba gudu ba ne."

"Gudu ne! Abin da mijin yayarka ya yi ke nan, ya ga za a tambaye shi, ya sauya coci. Kai ma sawunsa za ka bi? A cocin nan aka yi mini baftisma, a nan na koyi waƙa, a nan nake so in shiga da farar riga, ubana na riƙe da hannuna, kaina a sama. Ba zan yi auren ɓoye kamar wadda ta saci wani abu ba."

"To me kike so in yi?"

"Ka sani."

Fuskarsa ta canja. Ya jefar da tsumman. "In je in durƙusa wa mutumin da ya cire wa yayata haƙori? Auta, matar nan ita ta goya ni bayan uwarmu ta rasu. Ta bar makaranta don in je koyon sana'a. Ranar da na gan ta da idon nan, na kalli dattawa, kowa ya kau da kai. Babanki ma ya gaishe ta, ya ce yaya gida, ya wuce. Ni da na yi magana da hannu, ni ne mai zunubi, shi da yake yi kullum a ɗaki ba wanda ya ba shi benci."

Muryarsa ta karye a ƙarshen maganar. Auta ta fashe da kuka.

"Gaskiyarka ce, Allah ya sani gaskiyarka ce. Ba su kyauta ba. Amma tun da ka mare shi, ya daina dukanta?"

Ya kau da kai ya kalli ƙyauren da yake haɗawa.

"Ina tambayarka. Ya daina?"

"Ya hana ta zuwa wurina ma," ya ce a hankali.

"To ka gani. Marin ya huce maka zuciya, ita bai tsinana mata komai ba. Kana zaune a bencin can kana jin kai jarumi ne, ita tana can ana ci gaba, ba mai magana a madadinta, don wanda zai yi maganar ya rufe wa kansa baki. Wa zai saurari mutumin bencin baya?"

"Auta, ya isa."

"Bai isa ba. Ba cewa na yi ka roƙi gafara don laifinsa ba, wannan tsakaninsa da Allah ne. Don hannunka za ka roƙa. Kullum kana gaya mini kai ba ka iya kyautar a-zo-a-gani, gara ka gyara wa gwauruwa ƙofa a ɓoye. Na yarda, shi ya sa nake alfahari da kai. To ga kyautar da ta fi ƙarfin mai kuɗi, ka ba Allah girman kan nan naka mu gani. Yesu da ba shi da laifi ko ɗaya ya sunkuya don mu, kai da kake da laifi wuyanka ya ƙi?"

"Wa'azi kika zo yi mini a shago?"

"Roƙonka na zo yi." Ta durƙusa nan cikin ƙurar ƙarfe, ba ta damu da zanenta ba. "Maƙerina, dubi, ni na durƙusa, kuma ka san ba halina ba ne. Lahadi za su zo. Ba zan ce ina son Mai Kemis ba ko za a yanka ni, amma ba zan tsallake ubana in bi ka ba. In ka zauna a bencin nan ranar Lahadi, ka rasa ni, ni ma na rasa ka."

Ya juya mata baya. Ta ga kafaɗunsa na hawa da sauka.

"Tashi, kada mutane su gani."

"Ka ba ni amsa."

"To ki auri mai kujeru," ya ce, bai juyo ba.

Ya jawo gilashin ya rufe ido, ya tayar da injin. Auta ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa, ta share fuska da mayafi. Har ta sha kwana ba ta waiwaya ba, sai da ta tabbata ba ya ganinta sannan ta jingina da bango ta yi kuka mai isarta.

*

Makon nan kaf bai neme ta ba, ita ma ta hana kanta bi ta layin shagon. A wurin koyon waƙa muryarta ta riƙa shaƙewa har shugaban mawaƙa ya tambaye ta ko mura ce. Gwaggo kuwa ta tare a gidan, tana ta wanke labule da goge kwanonin baƙi, tana 'yan waƙe-waƙenta.

Lahadi ta zo, ranar Jibin Ubangiji ce kuma. An shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur. Dangin Ma'aji sun cika layin gaba, an sha ado, turare har wurin mawaƙa. Mai Kemis na tsakiyarsu yana aiko mata da murmushi.

Auta ta ɗaga kai. Bencin baya wayam, ba kowa.

Tun da aka sa shi horo bai taɓa fashin sujada ba, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya yana nan. Yau babu shi. Wato ya tafi wurin faston ƙetaren gari, ko kuwa ya haƙura da ita ke nan. Gwaggo ta waiwaya ta kalli bencin, ta juyo ta kalli Auta ta taɓe baki.

Ta ba da waƙar farko, ita kanta ba ta san abin da bakinta ke faɗa ba. Aka karɓi baiko, wato sadakar coci, aka yi wa'azi, ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnenta ba.

Fasto ya sauko gaban tebur, ya ce kamar yadda ya saba kafin a raba gurasa, in akwai mai wata magana tsakaninsa da ɗan'uwansa, ya gyara tun yanzu. Kullum in ya faɗi haka shiru ake yi kaɗan a wuce.

"Akwai, Fasto."

Kowa ya waiwaya. Mai Walda ne tsaye a bakin ƙofa cikin farar riga, gumi ya jiƙa masa baya. Kusa da shi yayarsa ce, goye da jaririya, ta sunkuyar da kai.

Auta ta damƙe hannun mawaƙiyar da ke kusa da ita har yarinyar ta ce "wash".

Ya zaunar da yayar, ya tako ta tsakiyar coci shi kaɗai. Da ya iso gaba ya juyo ya fuskanci jama'a.

"Iyayena da 'yan'uwana," ya ce, "na mari mutum a filin gidan Allah. Na yi laifi. Na kuma zauna watanni ina taƙama da laifin, wannan ya fi marin muni. Ina roƙon gafarar Allah, ina roƙon taku."

Coci ya yi tsit, sai kukan wani jariri.

Fasto ya ce, "Ɗana, ka je wurin wanda ka yi wa laifin?"

"Daga can nake. Na sha zuwa cikin makon nan ban same shi ba, yau na tare shi a ƙofar gida. Na durƙusa gaban maƙwabtansa na ce ya yafe mini. Ya ce in ba shi kuncina ya rama." Ya ɗan juya fuska, sai a lokacin mutane suka lura da shatin yatsu a kumatunsa. "Na ba shi. Da ya rama sai ya ce duk da haka ba zai tako cocin nan ba."

Mata suka ɗauki salati irin nasu, "Ya Yesu! Ya Ubangiji!" Hawaye suka wanke wa Auta fuska, amma ba ta sunkuya ba. Ƙirjinta ya cika fal da alfahari, ji take kamar ta miƙe ta gaya wa duk cocin cewa wannan nata ne.

"Saura magana ɗaya," in ji Mai Walda. "Ba don in wanke kaina ba, laifina laifina ne. Ga yayata can, mijin na barin gida na ɗauko ta. Yau na ce ta zo ba tare da ta rufe fuska ba. Ni hannu na sa, na ɓata. Ku da Allah ya ba ku baki da girma, ina roƙonku ku dube ta."

Yayar ta ɗago kai a hankali. Leɓenta a fashe yake, sabon ciwo ne, ba tsoho ba. Wannan karon ba wanda ya iya kau da kai.

Fasto ya yi gyaran murya, ya dubi layin dattawa. "Kun ji. Wanda ya kamata ya kama hannunsa ba ya nan. A ƙa'idarmu, in haka ta faru, sai dattijo ɗaya ya tsaya a madadinsa, ya ɗauki nauyin yaron a wuyansa. In ba wanda ya tsaya, zai koma benci har dattawa su sake zama. Wa zai tsaya?"

Ma'aji ya hau duba agogon hannunsa. Na kusa da shi ya ƙura wa takalminsa ido. Kowa ya san baƙin da ke layin gaba da abin da ya kawo su, ba mai son ya ɓata da Ma'aji.

Mai Walda na tsaye, hannu a miƙe, ba wanda ya kama. Shirun ya yi tsawo har ya fara zama abin kunya.

Auta ta kalli ubanta. Yana zaune ƙyam, ya dafa sandarsa da hannu biyu, ba ita yake kallo ba, yayar Mai Walda yake kallo. A zuciyarta ta ce, ya Ubangiji, na yi iyakar yina, saura naka.

Hannun Mai Walda ya fara sauka. Ya gyaɗa kai kamar wanda ya karɓi hukunci, ya juya zai koma baya.

"Tsaya nan, yaro."

Baba ne. Ya miƙe da ƙyar, ya jingine sandar jikin kujera, ya tako. Gwaggo ta ce "Yaya!" da ƙarfi, ta toshe bakinta da mayafi.

Ya kama hannun nan mai kantar aiki da nasa biyu, ya juyo ga jama'a.

"Ni na fara ba da shawarar a sa yaron nan horo, kuma ban yi nadama ba. Amma ranar da abin ya faru na ga idon yarinyar can. Na gaishe ta na wuce, don ba na son shiga maganar mata da miji. Mun hukunta marin da aka yi a fili, mun bar wanda ake yi a ɗaki. Wannan laifinmu ne, dattawa, nawa ya fi na kowa." Ya dubi yayar. "'Yata, ki yafe mini. Daga yau ɗakin uwar Auta ɗakinki ne, ke da jaririyarki, har mu zauna da mijinki. Ba inda za ki koma sai mun ji dalili."

Mama ta riga ta tashi, ta je ta rungume matar, suna kuka tare.

Baba ya ja Mai Walda, bai kai shi cikin matasa ba, ya zaunar da shi a kujerar da ke kusa da tasa. Da aka zo raba gurasa, shi da kansa ya miƙa masa. Mai Walda ya karɓa, katon mutum, yana kuka kamar yaro, bai ko ɓoye ba.

Shugaban mawaƙa ya yi wa Auta alama har sau nawa kafin ta gane ita ake jira. Ta miƙe ta ɗauki waƙa, muryarta ta fito tas har waje, masu wucewa a titi suna tsayawa.

*

Ana tashi, Mai Kemis ya fice bai gaisa da kowa ba. Danginsa suka tsaya cirko-cirko a filin coci suna kallon Ma'aji, shi kuma yana kallon Baba.

Auta ta ratsa mutane ta iso bayan ubanta, daidai lokacin da yake cewa Mai Walda, "Kada ka ɗauka komai ya ƙare. A coci na karɓe ka, ban ce gidana ba tukuna. Kana da manya?"

"Ina da kawu, Baba."

"To ka turo shi. Ya zo da bakinsa, ba da hannu irin naka ba."

Mai Walda ya durƙusa har ƙasa. Da ya ɗago suka haɗa ido da Auta, ya nuna mata kumatunsa, a hankali ya ce, "Kin ga abin da kika jawo mini."

"Ya yi maka kyau," ta ce, tana dariya tana hawaye.

Gwaggo ta faɗo tsakaninsu, ɗankwali ya karkace, ta kama hannun rigar Baba.

"Yaya, ka san abin da kake yi kuwa? Ga mutane can sun yi ado, an dafa abinci, ka ba Ma'aji magana! Kai da ba ka magana biyu, me za ka ce musu? Ko ni za ka tura in sha kunyar?"

Auta ta daina dariya. Ta san ubanta, ta san abin da maganarsa take a wurinsa, gara a ce ya rasa gida da a ce ya fasa alkawari. Ta ga yadda muƙamuƙinsa ya motsa, ya daɗe yana kallon Ma'aji daga nesa.

Sannan ya gyara zaman tabarau, ya karɓi sandarsa daga hannun Mama.

"Ba wanda zan tura. Ni na yi gaggawar ba da abin da ba nawa ni kaɗai ba, ni zan je. Su zo gida su ci abincinsu, in durƙusa in ba su haƙuri da bakina." Ya fara takawa wajen Ma'aji, ya ɗan waiwayo. "Ai yau na ga yadda ake yi."